Filtar gazuwal a ƙaramar tarakta: tambayoyin da ake yi mini a Damagaram

Duk shekara, da hadari ya fara haɗowa daga gabas, garejinmu yakan cika da mutanen da suka manta da taraktocinsu tun bayan kaka. Wani daga Miriya, wani daga Matamaye, wani ya yi sammako tun daga Dungas. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, kuma rabi a kan wani ɗan abu ne da bai fi gwangwanin madara girma ba, wato filtar gazuwal. Na gaji da amsawa daga ƙarƙashin mota, hannu duk baƙin mai, shi ya sa na zauna na rubuta. Ƙananan taraktoci nake nufi, masu ƙarfin doki 20 zuwa 50, ko da yake mai babba ma ba zai rasa abin tsinta ba. Ga ƴan uwanmu na Kano da Daura: gazuwal shi ne gas ɗinku, tano duro ne, bido kuma jarka.

Malam, bayan awa nawa ake canja ta?

Amsar farko tana cikin littafin taraktarka, in yara ba su yage shi ba. Yawancin ƙananan taraktocin Kubota, awa 400 littafinsu ya ce. Masu injin Perkins, irin na Massey Ferguson da muka saba gani, galibi 500 ne. Akwai kamfanonin da suka sa ƙasa da haka.

Sai dai wanda ya rubuta waɗannan lambobi, a ransa gazuwal daga famfon gidan mai yake faɗawa tanki kai tsaye. Bai san bidon da ya yi wata uku a bayan ɗaki da leda a madadin marfi ba. Bai san tanon da aka ɗauko a amalanke cikin hazo, daga gari har ƙauye ba. Don haka ga abin da nake gaya wa mutanena: in a gidan mai kake sha kullum, bi littafi. In daga tano ko bido kake zubawa, raba lambar littafi gida biyu, ka canja a awa 200 zuwa 250. Sannan ko awa ta cika ko ba ta cika ba, a sa sabuwa kafin ruwan shuka, kowace shekara.

Tawa ba ta yin ko awa 150 a shekara. Ashe zan iya kai ta shekara uku ke nan?

A'a, Alhaji. Lissafin ya fita a takarda, amma cikin filtar ma takarda ce, kuma takardar da ta kwana wata takwas cikin tsohon gazuwal da ɗigon ruwa ba ta nan yadda take. Takan kumbura, ƙofofinta su tsuke, wani lokaci ta yi laushi har ta yage. In ta toshe, tarakta ta tsaya, ka sani. In ta yage kuwa ba abin da za ka ji, tarakta na ta aiki da ƙarfinta, dauɗa na wucewa shiru cikin famfo, wato babban famfon da ke tura gazuwal cikin inji. Wannan ta biyun ita nake tsoro.

Kuma duba yadda aikinmu yake. Damina a nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma kwanakin da kowa ke neman tarakta ba su fi makonni kaɗan ba. Kwana biyu da za ta yi a tsaye a tsakiyar Yuli, ana jiran yaro ya kawo filta daga gari a kan babur, sun fi kuɗin filta biyar.

Agogon awa ya daɗe da mutuwa. Da me zan ƙirga?

Ƙirga da tano. Tarakta mai doki 35 tana shan kamar lita 3 zuwa 5 a awa in tana jan garma. Mu ce lita 4. Tano ɗaya na lita 200 awa 50 ke nan. Tano huɗu zuwa biyar, lokaci ya yi. Ni a ganina wannan lissafi ma ya fi na agogo gaskiya, tun da abin da ke cika filta gazuwal ɗin da ya ratsa ta ne. Ka samu kusa ka riƙa yin zane a bangon ɗakin ajiya duk tanon da ya ƙare.

Wanda agogonsa ke aiki ma ya sani: a tsofaffin taraktoci, agogon da waya ke juyawa yana bin gudun inji ne. In inji na tafiya a hankali, awar agogo takan fi awar bango tsawo.

Wai me take tarewa? Ai man daga matata ya fito, an riga an tace shi.

Gaskiya ne, kuma mu a Damagaram matatar tana bayan gidanmu. Tun ƙarshen 2011 matatar SORAZ ke aiki a arewa da gari, kan hanyar Tanut, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem. Amma tsakanin matata da tankin taraktarka akwai hannaye da yawa: tanka, rijiyar gidan mai, tano, tiyo, bido, mazurari, da tsumman da yaro ya goge bakin tanki da shi. Mafi yawan dauɗar da nake samu cikin filta a zangon ƙarshe ta shiga, daga tano zuwa tanki, wato a hannunmu.

Abu uku ne. Na ɗaya ƙura. Hazon hunturu da ke taso mana daga wajen Bodele a ƙasar Cadi garin dutse ne mai laushi a hannu, amma cikin famfo sai ya koma kamar dutsen wasa wuƙa. Na biyu tsatsa, daga tsohon tano ko daga tankin kansa. Na uku ruwa.

Don ka gane ƙanƙantar abin: ana auna shi da maikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kai ya kai kamar maikiron 70. Ido ba ya ganin abin da ya gaza 40. Filtar farko tana kama daga 10 zuwa 30, ta ƙarshe kuma daga 2 zuwa 10, gwargwadon irin injin. Dalili shi ne, tazarar da ke tsakanin ƙarafan da ke gogayya cikin babban famfo da injektoci, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji, ba ta wuce ƴan maikiron ba, kuma gazuwal ɗin kansa ne man da ke sa su santsi. Saboda haka wanda ya ɗaga kwalba sama ya ce mini “dubi, garau yake”, bai gaya mini komai ba game da abin da ke cin famfo.

To ruwa fa, ta ina yake shiga? Ban taɓa zuba ruwa a tanki ba.

Ba wanda ya taɓa, amma kullum muna tsiyayo shi. A watan Agusta, in ka kwana da tanki rabi, iskar da ke ciki mai laima ce. Dare ya yi sanyi, bangon tanki ya yi gumi kamar randa, gumin ya gangara ƙasa. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, don haka can ƙasa yake taruwa, daidai inda tiyo ke zuƙa. Maganin wannan ba ya cin ko dala: cika tanki da yamma in an tashi aiki, maimakon da safe.

Hanya ta biyu ta fi yaudara. Tano na tsaye a fili, ruwan sama ya taru a kansa, ya kewaye marfi. Da rana ya yi zafi ya fitar da iska, da dare ya huce ya zuƙo. Abin da ke bakin marfin shi yake zuƙowa, ko da ka ɗaure marfin tamau. Ta uku kuma bidon da aka ɗebo ruwa da shi jiya, yau aka aike shi gidan mai.

Ruwan ba shi kaɗai yake zama ba. A inda ya haɗu da gazuwal wasu ƙwayoyin halitta sukan tsiro, su bar wani baƙin abu mai yauƙi kamar dafaffiyar kuka. Duk filtar da na buɗe na ga wannan, na san canja ta kaɗai ba zai wadatar ba, sai an sauke tanki an wanke. In ba haka ba, sabuwar ma mako ɗaya za ta yi.

Kofin gilashin nan da ke ƙarƙashin filta, sau nawa zan duba shi?

Kowace safiya, kafin a tayar da inji. Da dare ruwa ya gama kwanciya, za ka gan shi a ƙasa da layinsa daban. A wasu taraktocin akwai jan zobe a cikin kofin, wanda ke nutsewa cikin gazuwal amma ya yi iyo a kan ruwa. In ka ga ya taso, ruwa ne ya ɗago shi. Sassauta kusar ƙasa, ka bari ya tsiyaye cikin gwangwani har gazuwal tsantsa ya fara fitowa, ka ɗaure da hannu. Minti ɗaya ne. Na sha ganin kofin da ƙura da mai suka lulluɓe har ba a ganin cikinsa, mai shi kuma yana rantsuwa kullum yana dubawa.

Ta yaya zan gane ta fara toshewa?

Tarakta za ta tashi lafiya, ta yi ta kaɗawa a tsaye ba wata matsala, ta yi tafiyar hanya. Da ka saukar da garma cikin ƙasa mai nauyi, irin ta fadamun Korama ko lambunan Gidimuni, sai ka ji muryarta ta faɗi. Ka ƙara totur, ba ta amsa ba. Wani lokaci ta riƙa ja tana saki, kamar mai shessheƙa. In ka tsaya ƴan mintuna ta farfaɗo, ka ci gaba ta sake. Abin da ke faruwa shi ne, ɗan man da ke iya ratsawa ya ishe ta zama, bai ishe ta aiki ba. Mai aiki a jigawa yakan daɗe bai lura ba, don yashi ba ya neman ƙarfi sosai. Sai ranar da ya ɗauko tirela cike da taki ko damman gero ya zo hawa.

Tana baƙin hayaƙi. Filtar gazuwal ce?

Da wuya. Baƙin hayaƙi mai ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Fara da filtar iska, wadda a ƙasarmu ta fi kowace shan wahala. In ita lafiya take, sai a duba injektoci.

Da sanyin safiyar Janairu ba ta son tashi fa?

Wannan ma yawanci batir ne ko abin ɗumama inji. Sanyin Damagaram bai kai wanda ke daskarar da gazuwal cikin filta ba.

Na sa sabuwa jiya, amma har yanzu tana shaƙewa.

Kafin ka zagi mai shago, buɗe marfin tanki ka saurara. In ka ji ya ja iska “fuu”, to ɗan ramin numfashin marfin ne ƙura ta toshe. Tankin da ba ya shaƙar iska ba ya sakin mai, kuma alamarsa daidai take da ta filta. Na taɓa ganin mutumin da ya canja filta uku a mako ɗaya saboda wannan rami da tsinke ke buɗewa.

In ba shi ba ne, bi layin mai tun daga tanki. Akwai ƴar raga a bakin makullin da ke ƙasan tanki, inda guntun leda da zaren tsumma ke taruwa. A tsofaffin injuna akwai wata ragar cikin ƙaramin famfon da ke jawo mai. Sai tiyon roba da rana ta busar ya tsage: ba lalle ya ɗiga mai ba, amma yana zuƙar iska. Na ƙarshe, zoben robar da ba a zaunar da shi daidai ba lokacin ɗaurawa.

Ba zan iya wanke ta in mayar ba? Kuɗi sun yi wuya.

Ya danganta da irinta. Wadda cikinta raga ce ta ƙarfe ko ta roba, ana wanke ta da gazuwal mai tsabta ko kananzir, kuma a wasu ƙananan taraktoci littafi ma ya ce a yi haka duk awa 100. Ta takarda kuwa ba a wanke ta. Dauɗar ta shige cikin jikin takardar, girgizawa cikin kwano ba ta fitar da ita, sai ma ta kai ta ɓangaren da ya kamata ya zauna da tsabta. Masu kai ta wurin mai faci a hura mata iska sun fi kowa ɓarna: iskar tana huda takardar, tarakta ta dawo da ƙarfinta, kowa ya yi murna, wata biyu a zo ana neman mai gyaran famfo.

Direbana ya ce in ta toshe a daji ana iya huda ta a ƙarasa aiki.

Bari in ba ka labari. Wata damina aka kira ni wani ƙauye a kudu, wajen Magariya. Taraktar wata ƙungiyar manoma ce, shekararta biyu kacal. Na tarar da ita a bakin gona, garma a ƙasa, dattawa sun kewaye ta a ƙarƙashin gawo. Batir ya mutu saboda yawan murzawa. Na kwance filta, na ji ta sakayau. Na ɗaga ta sama, sai ga rana ta cikinta, huda uku, da kusa aka yi su.

Na ce wa yaron, “Kai, wa ya yi wannan?”

Ya sunkuyar da kai. “Maigida, dabara na yi. Saura gona shida, mutane sun biya kuɗi, ga ruwa ya sauka.”

“Yaushe?”

“Kwana tara ke nan.”

Shugaban ƙungiyar, dattijo mai farin gemu, ya ce, “Malam, ai ta yi aiki bayan nan, har ta fi da ƙarfi.” Na ce, “Baba, ta yi.” Na tsiyayo abin da ke ƙasan tanki cikin kwalbar ruwa na miƙa masa. Bai yi minti biyar a hannunsa ba ya rabu uku: ja-ja a ƙasa, ruwa a tsakiya, gazuwal a sama. Kwana tara famfo na shan wannan. Sai da aka kwance shi da injektoci aka tsallaka da su Kano, kuma kafin su dawo gero ya kai gwiwa.

Ban ga laifin yaron sosai ba. An tura shi daji da tarakta ba filtar ajiya, ba sifana mai kyau, ga mutane a kansa. Wanda ya tura shi ne ya kamata ya sa filta biyu a akwatin kayan aiki, cikin ledarsu.

Tawa filta biyu gare ta. Duka zan canja?

Ta farko, wadda ke kusa da tanki, ita ke ɗaukar ruwa da manyan dauɗa, don haka ita ce ke fara cika. Ta biyu mai laushi ce, ita ce mai gadin famfo. Wasu kamfanoni sun ce a canja su tare. A wasu taraktocin Indiya kuma an ce kada a canja su rana ɗaya, a riƙa saɓa lokacin. Nan kam bi littafinka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne musanya musu wuri, ko mayar da tsohuwar ta biyu ta zama ta farko.

Zan iya canjawa da kaina?

Sosai ma, in kana da haƙurin tsabta. Kada ka yi a fili ana iska. Shiga zaure ko ka juya wa iska baya. Wanke kan filtar da kewayenta tun kafin ka taɓa sifana, don ƙasar da ke manne a wurin jira take a buɗe ta faɗa. Rufe makullin mai na ƙasan tanki, ka tara kwano.

In mai murɗawa ce, irin ta gwangwani, kwance ta, ka tabbata tsohuwar robar ta biyo ta, ba ta manne a sama ba. Shafa ɗan gazuwal a robar sabuwar, ka murɗa da hannu har ta taɓa, ka ƙara rabin zagaye ko kashi uku cikin huɗu. Da hannu, ban da sifana.

In kuwa irin ta kamfanin CAV ce, wadda lambarta 296, mai dogon noti ta tsakiya da kofi a ƙasa, a nan mutane ke faɗawa rami. Cikin kwalinta akwai zobban roba manya da ƙanana. Babban na sama, cikin kwarmin kan ƙarfen da ke jikin inji ake cusa shi. Da yawa sukan ɗora shi a kan filtar kanta, don akwai wani kwarmi a wurin da ya yi kama da mazauninsa. Wannan kwarmi kuwa hanyar shigar mai ce. Ka rufe ta da roba, ka yi ta buga famfo har la'asar, ɗigo ba zai wuce ba. Kuma a ciro tsohon zoben da tsinke tukuna. In aka ɗora sabo a kan tsoho, iska za ta shiga. Notin tsakiya kada a matse shi da ƙarfin tuwo, kofin gilashi ne.

In cika ta da gazuwal kafin in ɗaura, don ta yi saurin tashi?

Na san haka aka koya wa yawancinmu. Amma man da ka zuba ta ramin tsakiya ya riga ya tsallake takarda, famfo zai tafi kai tsaye ba tacewa, daga bidon da ba ka san cikinsa ba. A tsohon inji kana iya tsira. A sabo kada ka fara. Ɗaura ta a bushe, ka cika ta da famfon hannu.

Na canja, ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Iska ce, ba wani abu ba. Injin gazuwal ba ya tashi da iska a layi. Ka tabbata ka buɗe makullin tanki, don an sha kiran mu a kan wannan. Sassauta kusar cire iska da ke kan filta, ka riƙa danna hannun ƙaramin famfo. Kumfa za ta fara fitowa, ka ci gaba har mai ya fito ba kumfa, ka ɗaure. Ka yi haka a kusar da ke jikin babban famfo. In ka ji hannun famfon sakwaf, ba ya kama komai, ɗan juya inji kaɗan, ya tsaya ne a inda hannun ba ya aiki. Taraktar da ke da famfon lantarki kuwa, murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ka ba ta kamar rabin minti, sau biyu ko uku.

In har yanzu ta ƙi, a tsohon inji ana sassauta notin bututun ƙarfe a bakin injektoci, a murza har mai ya fara tofowa, a ɗaure. Kada ka murza fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere. Bar sitata ta huce. Kuma kada hannunka ya kusanci inda mai ke fesowa. Da bar ake auna ƙarfin matsi: iskar da ke cikin tayar mota bar biyu da ɗan wani abu ce, injektan tsohon inji kuwa a wajen bar 200 yake buɗewa. Feshin yana huda fata kamar allura, ramin ɗan mitsitsi, amma yana iya cin yatsa. Wanda ya same shi ya tafi asibiti nan take, kada ya tsaya shafa toka.

An ce sababbin taraktoci masu kwamfuta sun fi tsada a wannan fanni.

Haka ne. Injin da injektocinsa ke aiki da lantarki daga bututu guda yana matsa mai har bar 1,600 zuwa 2,000, kuma ɗigon ruwan da tsohuwar Massey za ta haɗiye ta yi tari ta wuce, shi yana iya kashe masa injekta. A irin wannan ba a sassauta bututun ƙarfe ko kaɗan, ba a sa filtar da ba tasa ba, kuma in fitilar ruwa ta kama a gaban direba a tsaya a wurin. Duk mai niyyar sayen irinta ya fara tambayar kansa inda zai riƙa samun filtarta da mai na'urar duba ta.

A kasuwa akwai mai araha da ta yi daidai da mazaunin. Me zai hana?

Shiga mazauni ba shi ne dacewa ba. Je da lambar da ke jikin tsohuwar ko cikin littafi, ko a shagunan kayan gyara na nan gari ko in ka yi saƙo Kano. Riƙe ta a hannu: jabu takan yi sakayau, rubutun kwalin ya yi dishi-dishi, robar ta yi tauri, in ka leƙa ciki ka ga naɗin takardar ƴan kaɗan, wani wurin gam ya saki. Wadda ledarta ta yage ta sha ƙurar shago, bar musu.

Babban kuskure shi ne ɗaura filtar baƙin mai a wurin ta gazuwal don bakinsu ya zo ɗaya. Ta baƙin mai ƙofofinta sun fi faɗi, kuma yawancinsu akwai wata ƴar ƙofa a ciki da ke buɗewa in takarda ta toshe, mai ya wuce ba tacewa. A wurin baƙin mai wannan dabara ce mai kyau. A wurin gazuwal daidai take da kusar yaron nan.

Dole in ajiye mai a ƙauye. Yaya zan yi da tano?

Kwantar da shi a kan itace biyu cikin inuwa, gindinsa ya ɗan fi bakin famfon yin ƙasa, don guiɓi ya taru nesa da inda kake ɗiba. In an kawo shi yau, kada a taɓa sai gobe. In a tsaye yake kana zuƙa da tiyo, kada tiyon ya kai ƙasa, bar kamar taƙi ɗaya. Litocin ƙarshe ba na tarakta ba ne, a wanke kayan aiki da su. Kada a ajiye gazuwal cikin abin da aka yi da farin kwano irin na rufi ko bokiti, don yana cin rufin ƙarfen ya kai shi cikin injektoci. Bido ɗaya, mazurari ɗaya mai raga, na gazuwal kaɗai, a kife su cikin buhu in an gama. Tacewa da tsohon ɗankwali kuwa zare kawai take ƙara maka.

In tilas ta sa ka saya a wurin masu ruwa-ruwa na bakin hanya, ba na ce duk nasu ba shi da kyau ba. Zuba kaɗan a farar kwalba, ka ajiye ka sha shayi, ka dawo ka duba ƙasanta, ka kuma shinshina.

Filta tana tare kananzir ko esansi, wato fetur, in an gauraya?

Ba ta tarewa. Sun narke cikin gazuwal, tare za su wuce, su rage masa santsi, famfo ya riƙa cin kansa.

Taraktar haya gare ni, ba na bin ta daji. Ta yaya zan san an canja da gaske?

Rubuta kwanan wata da lambar agogo a jikin sabuwar da fenti ko kusa, da hannunka, kafin ta fita. Sannan ka ce a dawo maka da tsohuwar. Ba rashin yarda ba ne, akwai abin karantawa a cikinta. Ka bari ta tsiyaye kwana ɗaya, ka yanka gwangwanin, ka warware takardar a rana. In ja ce, tsatsa ce, a duba tanki da tano. In ƙasa-ƙasa ce mai gurzar yatsa, ƙura ce, a duba mazurari da marfi. Baƙi mai yauƙi, ruwa ya daɗe a tanki. In takardar ta yi laƙwas ta lanƙwashe, ba a tsiyaye kofi da safe, ko me direba ya ce. In kuwa bayan awa 250 ka same ta kusan fes, to hannun yaranka na da tsabta, kana iya ƙara mata awa 100 a zagaye na gaba.